ZAUREN IYALI: Cinikin Gona da Fatar Baki

   

Yau maganar ƙasa za mu yi, wato gona da fili da kangon gida, da yadda suke fita daga hannun wani su shiga hannun wani. Abin da ya jawo maganar kuwa wata baiwar Allah ce da ta zo mini kwanan baya tare da babban ɗanta, suna neman shawara. Ba zan ambaci sunanta ko garinsu ba, amma ta yarje mini in ba da labarin, ko Allah Ya sa wani ya tsira da shi.

A yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, mijinta ya karɓi wata gona daga hannun maƙwabcinsa, wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Ya ba shi kuɗi da damman hatsi a gaban mutum huɗu: liman, da wakilin mai gari, da dattawa biyu na unguwa. Aka yi fatiha, aka raba goro, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ce a rubuta, domin a wancan zamani wanda ya nemi a rubuta kamar ya zagi mutane ne. Mijin ya noma gonar har ƙarfinsa ya ƙare, ƴaƴansa suka ɗora. Ya rasu, maƙwabcin ma ya rasu. Cikin shaidun huɗu uku sun riga mu gidan gaskiya, na huɗun kuwa tsufa ya cim masa, wata rana ya tuna wata rana ya rikice.

Ana nan sai gari ya bunƙasa ya iso bakin gonar, aka fara maganar yanka filaye. Gonar da aka karɓa da damman hatsi yau miliyoyin sefa ake taya ta. Sai ƴaƴan maƙwabcin suka tashi suka ce ubansu bai sayar ba, jingina ya bayar, ga kuɗi sun kawo a karɓa a ba su gonarsu. Matar ta rantse saye ne. Na tambaye ta ko tana wurin da aka ƙulla cinikin, ta ce a'a, mijinta ne ya faɗa mata da ya shigo gida. Su ma waɗancan ba su wurin, mahaifiyarsu ce ta faɗa musu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mai yiwuwa ne babu maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu. Kowa yana riƙe da abin da ya ji daga bakin wanda ya amince da shi, waɗanda suka san gaskiyar kuwa suna kabari. Gidaje biyu da suka haɗa katanga, har da auratayya a tsakaninsu, yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Da ta gama, sai ɗan ya dube ni ya ce: "Malam, ashe cinikin baki ba ciniki ba ne?" Amsar wannan tambaya ce nake so mu yi nazarinta tare.

Abin da shari'a ta ce

A fiƙihu ciniki yana ƙulluwa ne da yardar mai saye da mai sayarwa, a kan abu sananne da farashi sananne. Wannan ya ce "na saya", wancan ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Malaman Malikiyya ma sun sauƙaƙa har suka ce duk abin da ke nuna yarda ya wadatar, ko da miƙa kuɗi ne da karɓar kaya ba tare da furuci ba. Rubutu ba ya cikin rukunan ciniki. Saboda haka cinikin gona da aka yi da baki, in sharuɗɗansa sun cika, ingantacce ne, mulki ya tashi daga wannan ya koma ga wancan, kuma wanda ya san an yi sa'an nan ya musa ya ci haram.

To amma ingancin ciniki daban, iya tabbatar da shi ranar musu daban. A nan ne ya kamata mu tsaya a kan aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani gaba ɗaya, kuma ba a kan salla ko azumi ta sauka ba, a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta Allah Ya yi umarni da a rubuta bashin da aka sa wa ajali, ƙarami ne ko babba, marubuci adali ya rubuta, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, kuma a kafa shaidu. Ya bayyana dalili da kanSa, cewa haka ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya kuma fi nisantar da shakka. Ya ɗauke wa cinikin hannu da hannu nauyin rubutu, amma duk da haka Ya yi umarni da kafa shaida idan an yi ciniki. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu, sun ɗauki wannan umarni a matsayin mustahabbi, wasu kuma kamar Imam Ɗabari da Ibnu Hazmi sun tafi a kan wajibi ne. Ko da mun tsaya a kan magana ta farko, sai mu tambayi kanmu: gonaki nawa ne ake biyan kuɗinsu gaba ɗaya rana ɗaya? Galibi ana ba da wani abu yau, a ce saura sai kaka, ko sai yaro ya aiko daga ci-rani. Wannan saura bashi ne mai ajali, wato ainihin abin da ayar ta sauka a kansa.

Akwai kuma darasi a cikin abin da ya faru da Manzon Allah (S.A.W.) da kansa, kamar yadda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito. Ya sayi doki a hannun wani baƙauye, ya ce ya biyo shi ya karɓi kuɗi. A hanya wasu da ba su san an gama ciniki ba suka ƙara wa baƙauyen farashi, sai ya musa cewa ya sayar, har yana neman a kawo shaida. Khuzaimatu ɗan Sabitu (R.A.) ne ya tsaya ya ba da shaida, saboda gaskatawar da ya yi wa Annabi. Jama'a, in har ƙarin farashi zai sa a musa wa mafi gaskiyar halitta cinikin da aka yi ɗazu, ina ga marayanmu bayan shekara arba'in? Tirmizi kuma ya ruwaito cewa sahabi Adda'u ɗan Khalidu yana ajiye da takardar wani ciniki da Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka rubuta masa, yana fito da ita yana nuna wa mutane. A wata ruwayar ta Tirmizi an danganta farkon umarni da rubutu da shaidu ga mantuwar da babanmu Annabi Adamu (A.S.) ya yi a kan wata kyauta da ya bayar daga shekarunsa. Ashe mantuwa gado ce, ba sai mutum ya zama mugu ba.

A mazhabar Maliku ana tabbatar da haƙƙin dukiya da shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. To idan shaidun sun mutu fa? A nan malamanmu suka buɗe wata ƙofa: sun yarda a ba da shaida a kan rubutun hannun shaidan da ya mutu ko ya yi nisa, idan an samu adalan da suka san rubutun nasa. Ma'ana, shaidan da ya sa hannu a takarda shaidarsa tana iya yin aiki bayan ransa, wanda ya ji da kunne kawai kuwa da shi ake binne ta. Wannan ne ya sa malaman Andalus da Magrib suka mayar da rubuta takardun ciniki fanni mai zaman kansa, suka yi masa littattafai, kamar Al-Manhajul Fa'iƙ na Wansharisi, wanda ya rasu a 1508. Don haka masu cewa takarda al'adar Nasara ce su sake bincike. Tun kafin Nasara ya taka ƙasarmu alƙalan Musulunci suke da ita.

Abin da dokar ƙasa ta ce

A nan Nijar, uwar dokokin ƙasar noma da kiwo ita ce doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka fi sani da Code rural, wato kundin dokokin karkara. Wannan doka ta ce ana mallakar ƙasa ta hanya biyu: ta al'ada, ko ta rubutacciyar doka, kuma ba ta mayar da mallakar al'ada ƙasa da ɗayar ba. Ta amince da gonar da mutum ya gada idan jama'ar wurin suna tune da haka, da wadda sarakunan gargajiya suka ba shi dindindin, da duk wata hanya da al'adar yankin ta sani. Ke nan hukuma ma ba ta ce cinikin baki banza ne ba. Sai dai ku lura da ginshiƙin da aka kafa shi a kai, wato tunawar jama'a.

Tunawar jama'a ta yi aiki sosai lokacin da gari yake gida talatin, kowa ya san gonar kowa, daji kuma yana nan ga mai son sara. Yau ba haka abin yake ba. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen miliyan 5 a ƙasar nan, ta 1988 fiye da miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuwa miliyan 17. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa tana nan yadda take. A yankuna kamar kudancin Maraɗi da Damagaram saura ta ƙare, gona ta haɗu da gona, kuma abin da a da ake bayarwa don zumunci ya zama abin da ake sa wa farashi. Matasa suna ci-rani, dattawa suna tafiya, baƙi suna shigowa. Wa zai tuna, kuma wa zai yarda da tunawar wani?

Idan rikici ya tashi a kan gona, doka ta wajabta a fara zuwa gaban sarakunan gargajiya domin sulhu, daga mai gari zuwa sarkin kanto, kuma a rubuta sakamakon, an sasanta ko ba a sasanta ba. Sai sulhu ya gagara ake wucewa gidan shari'a. A can ma, bisa dokar tsarin shari'a ta 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2018, alƙali da al'adar masu ƙara yake hukunci a kan ƙasa, tare da mashawarta masana al'ada, sai fa idan ƙasar tana cikin littafin rajista na gwamnati, ko kuma an tabbatar da canjin mallakarta ta hanyar hujjar da doka ta tanada. Kun ga ke nan takarda tana sauya shari'ar tun daga tushenta. Marar takarda zai yi ta jigilar tsofaffi zuwa gidan shari'a, yana biyan mota da abinci, a ɗaga yau a ɗaga gobe, wani lokaci har a kai ga dafa Alƙur'ani, abin da duk mai tsoron Allah yake gudu ko da yana da gaskiya. Akan yi shekaru ana wannan, har kuɗin da aka kashe ya kusa kuɗin gonar.

Domin rage wannan wahala ne dokar 1993 ta kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. An fara gwada su a 1994 a Mirya da Maine-Sorowa, daga baya aka tsara su hawa-hawa: na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa, sai na komin, sai na departama. A wurinsu ake samun takardar shaidar saye, da ta kyauta, da ta mallakar gargajiya ga wanda ya gaji gonarsa, da takardun aro da haya da jingina. Kafin a ba da takardar mallaka ana sanar da jama'a, a je gonar, a kira maƙwabta, domin mai ja ya fito tun da wuri. Inda ba a kafa kwamitin ƙauye ba, ko an kafa ba ya aiki, sai a nufi na komin. Dokar ta kuma lissafa takardar da mutum biyu suka rubuta tsakaninsu suka sa hannu a cikin hujjojin mallaka, ko da yake ƙarfinta bai kai na wadda ta bi ta hannun hukuma ba.

A cikin birni kuwa maganar ta fi tsanani. Filin da aka yanka yana da takardarsa daga ma'aikatar magajin gari, wadda ake kira acte de cession, mai ɗauke da lambar fili da sunan mai shi. Wanda ya sayi fili ya karɓi wannan takarda da sunan wani, ya kai gida ya ajiye bai je an juya ta zuwa sunansa ba, a idon hukuma har yanzu filin na wancan ne. Sama da ita akwai titre foncier, wato rajistar da ta samo asali daga dokar 26 ga Yuli 1932 ta zamanin mulkin mallaka, wadda a 2006 aka shigo da sauƙaƙƙen nau'inta aka raɗa masa sunan Hausa, Sheda. Ƙasar da ta shiga wannan littafi ta fita daga hukuncin al'ada. Abin da aka rubuta a littafin shi ne abin dogaro, kuma cinikin da ba a shigar ba ba ya zama hujja a kan wani na uku. Idan mai gida ya sayar maka da baki, ya juya ya sayar wa wani, wancan ya riga ka zuwa wurin notar da ofishin rajista, to shaidunka ko sun cika masallaci da wuya su ƙwato maka gidan. Sai dai ka bi mai sayarwa bashin kuɗinka, in ka same shi.

Takarda ma suna ta tara

Kada wani ya ɗauka duk abin da aka rubuta a fallen littafin ɗan lakkal ya wadatar. Na sha ganin takardar da aka rubuta "wane ya ba wane gona a kan jika kaza", babu iyaka, babu shaida, ba a ma faɗi wace irin bayarwa ba ce. Irin wannan ita kanta mafarin rigima ce. Takardar kirki sai ta ƙunshi cikakken sunan mai saye da mai sayarwa da na iyayensu. Da inda gonar take, da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa, da girmanta. Da yadda mai sayarwa ya same ta, gado ne ko saye ko kyauta. Da kalmar cinikin ƙarara, cewa sayarwa ce ta har abada. Da farashi, abin da aka biya da abin da ya saura da ranar biyansa. Da hukuncin itatuwa da rijiyar da ke ciki. Da kwanan wata. Sa'an nan sa hannu ko dangwalen yatsan kowa, da hatimin mai gari ko na kwamiti.

A zaɓi shaidu da lura. Mun saba kiran tsofaffi saboda girmamawa, kuma haka ya dace, amma a haɗa da matasa masu hankali, a kuma sa maƙwabtan gona, domin su ne za su wayi gari da sabon maƙwabci. A taka iyaka da ƙafa a gaban kowa, a dasa gamba ko aguwa, in da hali a kafa siminti. Idan da Faransanci aka rubuta, a samu amintacce ya karanta ya fassara da Hausa a bainar jama'a kafin kowa ya dangwala yatsa. Wanda bai samu mai boko ba ya sa malami ya rubuta da ajami ko Larabci kafin a kai ga hukuma, ya fi babu nesa ba kusa ba. A yi kofi, kowane ɓangare ya riƙe, ɗaya ya zauna wurin kwamiti, domin gara da gobara da ruwan damina ba su san hatimi ba. Uwargida kuma ta san inda takardar take. Sau nawa mai gida ya rasu aka rasa inda ya ɓoye ta?

Tambaya mafi girma kafin a biya ko dala ita ce: mai sayarwar nan shi kaɗai ke da gonar? Da yawa daga cikin rigingimun da ke zuwa gaban sarakuna daga gandun gado suke fitowa, wanda ba a raba ba, babban wa ya sayar, ƙannensa suna ci-rani, ƴan'uwansa mata suna gidajen aurensu ba wanda ya tambaye su. A fiƙihunmu wanda ya sayar da abin da ba nasa ba cinikin yana rataye ne a kan yardar mai shi, kuma abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya farashin ya karɓe rabon da aka sayar wa bare. Saboda haka a nemi sa hannun dukan magada, maza da mata, ko wakilcinsu a rubuce, rabon maraya kuwa a bi da shi ta hannun waliyyinsa da sanin alƙali. Haka kuma akwai ƙasar da ba ta sayuwa ko wa ya sa hannu: burtali da makiyaya da mashayar dabbobi dukiyar al'umma ce, kuma dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da haka. Wanda ya saya ya sayi rigima da kuɗinsa.

Aro da jingina da kyauta

Ba saye kaɗai ke bukatar rubutu ba. Dattawa suna tune da jawabin Shugaba Seyni Kunce na watan Disamba 1974, inda ya ce gona ta zauna a hannun wanda ke nomanta. Tun daga lokacin masu gona da yawa suka shiga tsoron ba da aro, kada aro ya rikiɗe ya zama mallaka, kuma talakan da ba shi da gona shi ya fi cutuwa da wannan tsoro. A fiƙihu ma akwai abin lura: wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa a kan bare bayan haka, sai in ya tabbatar da cewa asalin riƙon aro ne ko haya. Da me zai tabbatar? Ƴar takardar aro tana kare mai gona, tana kuma sa ya saki jiki ya taimaki ɗan'uwansa.

Kyauta ma haka take. Uba ya ba ɗiyarsa gona, ko miji ya ba matarsa gamana, kowa a gida ya sani, amma ranar rabon gado sai a ce ai aro ne. Iyaye, in kun bayar don Allah, ku miƙa ta a hannu tun kuna da lafiya, domin a mazhabarmu kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta koma cikin gado, sa'an nan ku rubuta.

Kunyar da ke raba zumunta

Na san abin da ke hana mu. Ba kuɗin takarda ba ne, kunya ce. Yaya zan ce wa kawuna ya sa hannu? Yaya zan nemi takarda wurin surukina, ko aminina da muke cin tuwo akushi ɗaya? Amsa ita ce, sahabbai sun fi mu amana da son juna, kuma su aka fara umarta da rubutu. Takardar ba don kai da kawunka ake yin ta ba, ku kam kun yarda da juna. Ana yin ta ne domin ƴaƴanka da nasa, waɗanda ba su wurin, kuma za su haɗu a kan gonar nan bayan ba ku. Ni a ganina nauyin ya fi hawa kan babba. Idan kai ne dattijo, ko kai ne mai sayarwa, kai za ka fara cewa "a kira mai rubutu", ka ɗauke wa yaro nauyin da bakinsa ba zai iya furtawa ba. Limamanmu kuma, da ake kira su yi fatiha a kan ciniki, da za su riƙa tambaya ko an rubuta kafin su ɗaga hannu, da an rage zaman sulhu a ƙofar sarki.

Sai dai a kiyaye, takarda ba ta halatta haram. Akwai masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku, kowa da takardarsa, akwai masu zuwa a asirce su yi wa gonar marayu takarda da sunansu. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi, a hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, yankin wuta aka yanka masa. Ya kuma ba da labarin azabar wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa ita har ƙasa bakwai, kuma Muslim ya ruwaito tsinuwa a kan mai gusar da alamar iyaka. Wanda ya san ubansa ya sayar, ya fake da cewa babu takarda, ya sani akwai littafin da ba a manta komai a cikinsa ba.

Ita baiwar Allah da na fara da labarinta, na ba ta shawara su gaggauta kai tsohon shaidan nan gaban mai gari a ɗauki maganarsa a rubuce ranar da hankalinsa ke tare da shi, su nemi maƙwabtan gonar da suka ga shekarun da aka yi ana nomanta ba wanda ya zo fansa, sa'an nan su karɓi sulhu in an samu, ko da za su saki wani yanki, kuma duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi a wannan karon. Har yanzu maganar tana gaban sarki. Ɗan nata ya ce mini da zai tafi: "Da Baba ya san haka, da ya rubuta." Na ce masa mahaifinsa ya yi abin da zamaninsa ya sani, mu ne ba mu da uzuri.

Don haka, mai gida, kafin ruwa ya sauka, zauna ka lissafa: gonar da ka saya, da wadda ka ba da aro, da wadda ke hannunka jingina, da filin da har yanzu ke da sunan wani. Wanda shaidunsa ke raye ya tara su a wannan rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, Ya sanya albarka a gonakinmu da zuriyarmu, Ya daidaita tsakanin ƴan'uwan da ƙasa ta raba.